Hoton Fim da Zaman Duba Shi: Tashar Bassam a Matsayin Fagen Nazari

Hoton fim hoto ne da ake ɗauka a kan wani siririn faifai mai laushi da aka shafe da jelatin mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Idan aka danna kyamara, haske yakan shiga ta gilashinta cikin ƙiftawar ido, ya taɓa waɗannan ƙwayoyi, ya bar musu sawun da ido ba ya iya gani. Sai an shiga ɗakin duhu an wanke fim ɗin da magunguna sannan hoto ke bayyana, kuma a juye yake fitowa: farin abu ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Wannan shi ake kira nagatif, kuma daga gare shi ake buga hoto a takarda.

Tsakanin ɗauka da gani akwai tazarar kwanaki, wani lokaci makonni. Mai ɗauka ba shi da damar ya leƙa ya gyara nan take, sai dai ya koya daga baya. Saboda haka masu sha'awar hoton fim, a duk inda suke, suka saba haɗuwa su baje abin da suka wanko, kowa ya faɗi abin da ya gani. A wurinsu wannan zama shi ne makaranta, kuma nagatif shi ne littafin da ake karantawa.

Tashar Bassam da kewayenta

Tashar Bassam tana unguwar Treichville a birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa, a gefen babban titin da a da ake kira Valéry Giscard d'Estaing, wanda ya miƙe zuwa filin jirgin sama. Daga nan ake lodin motoci zuwa Grand-Bassam, mai nisan kimanin kilomita 40 ta gabas, da garuruwan da ke gaba har Aboisso da kan iyakar Gana. A arewacin birnin kuma akwai Adjamé, inda manyan tashoshin mota da kasuwanni suka haɗu, kuma nan ne akasarin baƙin da suka fito daga Nijar, Mali da Burkina Faso ke fara sauka. Hausawa sun daɗe a waɗannan unguwanni biyu suna kasuwanci. Abincin nan na attiéké da soyayyen kifin tuna da ake kira garba, wanda ya game birnin, 'yan Nijar ne suka yi fice wajen sayar da shi.

Ga mai kyamara, wannan yanki yana da kusan duk abin da fim ke shan wahala a kansa, da kuma abin da yake ƙawatawa. Akwai motocin gbaka da woro-woro masu kaiwa da komowa, akwai rumfuna masu duhun inuwa dab da fili mai tsananin rana, akwai hayaƙin gasa da suya, akwai fararen riguna ranar Juma'a. A ƙarshen hanya kuma ga Grand-Bassam, babban birnin farko na mulkin mallakar Faransa a ƙasar tun 1893, kafin annobar shawara ta 1899 ta sa aka koma Bingerville. Tsofaffin gine-ginen unguwar Turawa, da tsohon gidan gwamna wanda ya zama gidan tarihin tufafi, da bikin Abissa na mutanen N'zima, duk suna jan masu hoto. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2012.

Asalin sana'ar da al'adar nunawa

Hoto ya shigo wannan gaɓar teku ne ta hannun Turawa da kuma 'yan Afirka daga yankin da ake kira Gana a yau. Iyalin Lutterodt na Accra sun riƙa bin garuruwan bakin teku da kyamara tun ƙarshen ƙarni na 19. A farkon ƙarni na 20, F. W. H. Arkhurst ya yi aiki a Grand-Bassam, kuma katunan wasiƙa masu ɗauke da hotunansa suna nan a gidajen tarihi. Daga baya mutanen Gana da Togo da Yarabawa daga Nijeriya suka cika sana'ar a Kwaddibuwa, kamar yadda masu bincike irin su Jean-François Werner da Érika Nimis suka bayyana.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sanin tarihinsu shi ne Cornélius Yao Azaglo Augustt, wanda aka haifa a 1924 ya rasu a 2001. Ya zauna a Korhogo da ke arewa, ya buɗe Studio du Nord, kuma yakan hau keke ya zaga ƙauyuka yana ɗaukar hoton katin shaida. A Abijan kuwa akwai Paul Kodjo, wanda ya yi wa jaridar Fraternité Matin aiki, ya kuma shahara da labaran soyayya cikin hotuna a mujallar Ivoire Dimanche a shekarun 1970. A Yamai, Philippe Koudjina ya ɗauki rayuwar dare ta matasa bayan samun 'yancin kai. A Bobo-Dioulasso akwai Sanlé Sory da shagonsa Volta Photo.

Dukkan waɗannan sun yi aiki ne a bainar jama'a. Mai situdiyo yakan jera hotuna a allon gilashi a ƙofar shago, masu wucewa su tsaya su yaba ko su kushe, kuma da wannan ake gane gwani. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Malick Sidibé na Bamako. Yakan kwana yana zaga wuraren rawar matasa, ya dawo shago ya wanke fim, ya buga ƙananan hotuna, ya liƙa su a jikin fayil ɗin kwali, ya sa wa kowanne lamba, ya rubuta sunan ƙungiya da kwanan wata. Sai matasan su zo su yi cincirindo a ƙofar shago suna dubawa, suna gardama, kowa ya zaɓi wanda za a buga masa. Duniya ta gane darajar wannan aiki daga baya: an fara bikin hotuna na Bamako a 1994, kuma a 2007 aka ba Sidibé lambar Zakin Zinariya a birnin Venice.

Zuwan labo, faɗuwar fim da dawowarsa

A shekarun 1980 injinan wanke hoto mai kala suka bazu a biranen Afirka ta Yamma, da dama daga cikinsu mallakar 'yan Koriya. Wannan ya sauya sana'ar daga tushe. Da can mai hoto shi ne mai ɗauka, shi ne mai wanki, shi ne mai bugawa. Da zuwan labo, wato shagon da ke da waɗannan injina, duk wanda ya mallaki ƙaramar kyamara zai iya yawo a tasha, kasuwa, biki da suna, ya ɗauka, ya kai a wanke masa, ya dawo ya raba wa masu shi. Masu situdiyo suka rasa ciniki, ɗakunan duhu suka fara rufewa. Bencin jira a labo ya zama sabon dandali, inda masu hoton yawo ke buɗe ambulan a gaban juna. Karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta ƙara tsananta lamarin, domin fim da takarda da magani duk daga waje ake shigo da su.

Bayan haka kyamarar dijital ta zo, wayar hannu ta biyo baya. Kamfanin Kodak ya daina yin fim ɗin Kodachrome a 2009, ya kuma nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a 2012. Amma fim bai mutu ba. Ilford na Ingila bai fasa yin baƙi da fari ba, Kodak ya dawo da Ektachrome a 2018, kuma a 2024 aka fito da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17. Wasu ƙwararru ma ba su taɓa barinsa ba. Ananias Léki Dago, ɗan Abijan da aka haifa a 1970, wanda ya kafa taron hotuna na Rencontres du Sud a birnin, an san shi da ɗaukar titunan biranen Afirka da fim baƙi da fari. Bambancin shi ne, fim ya tashi daga kayan neman abinci ya koma kayan sha'awa da fasaha, mai tsada, mai wuyar samu. Tsadar ce ma ke ƙara wa zaman dubawa muhimmanci, tunda kuskuren da wani ya riga ya biya kuɗinsa babu dalilin da zai sa wani ya sake biya.

Abin da ake kawowa zama

Fim iri biyu ne ya fi yawa a hannun masu sha'awa. Na farko shi ne mai faɗin milimita 35, wanda Kodak ya fara sayarwa cikin ɗan gwangwani a 1934, kuma nadi ɗaya kan ba da hoto 24 ko 36. Na biyu shi ne 120, wanda ya girme shi, domin tun 1901 ake yin sa. A kyamarori irin su Rolleiflex da Yashica yana ba da hoto 12 masu kusurwa huɗu daidai. Kowane fim yana da lambar ISO da ke nuna ƙarfin jin haskensa. Mai 100 yana son rana kuma hotonsa sumul yake, mai 400 yana jure inuwa amma tsakinsa ya fi fitowa.

Abu uku ake sa rai mutum ya kawo. Na farko nagatif, a yanke shi gunduwa-gunduwa cikin rigarsa. Na biyu takardar gwaji, wato a shimfiɗa dukan nagatif ɗin nadi guda a kan takarda ɗaya a buga su da girmansu na asali. Wannan takarda ba ta rufa asiri: tana nuna wanda ya yi kyau da wanda ya lalace, da yadda mai ɗauka ya matsa kusa ko ya ja baya kafin ya dace. Na uku shi ne hoton da aka zaɓa aka buga da girma, ko aka bi da shi ta sikana ya shiga kwamfuta. Masu ƙwarewa kan ƙara da ɗan littafin da suka rubuta irin fim, awon haske, maganin wanki, zafinsa da mintocinsa.

Ana fara duba nagatif ne kafin hoto, kuma da dalili. Injin labo da sikana suna gyara haske da kala da kansu, har su ɓoye kuskure ko su ƙirƙiro wanda babu. Idan aka ɗaga nagatif a haske aka duba da gilashin ƙara girma, sai a san ko laifin na mai ɗauka ne, na kyamara, na mai wanki ko na mai bugawa.

Batutuwan da ake tattaunawa

Na farko shi ne haske. Abijan tana kusa da tsakiyar duniya, kimanin digiri 5 arewa, don haka da tsakar rana hasken kan sauko a miƙe, ya sa inuwa a ramin ido da ƙarƙashin hula. Tsohuwar ƙa'ida ga wanda ba shi da ma'aunin haske ita ce, a rana tsaka a sa ƙofar gilashi a 16, a sa saurin ƙiftawa kusa da lambar fim. Mai ISO 100 sai ya yi amfani da ɗaya bisa 125 na daƙiƙa. Amma a tasha wannan ƙa'ida ba ta wadatar ba, domin mai shayi yana cikin rumfa, motar da ke bayansa tana cikin rana, kuma tazarar haskensu ta kan fi ƙarfin takarda. Shawarar da aka gada daga masu baƙi da fari ita ce a auna haske don inuwa, a daidaita wanki don wurare masu haske. Fim ɗin nagatif yana jure yawan haske fiye da ƙarancinsa. Abin da bai shiga ba tun farko, babu maganin da zai fito da shi.

Na biyu shi ne fata. Ma'aunin hasken kyamara yana ɗaukar duk abin da ke gabansa a matsayin toka-toka. Idan dattijo baƙi ya tsaya cikin farar babbar riga, farin yakan yaudari ma'aunin ya rage haske, sai riga ta fito da kyau fuska ta nutse. Maganinsa shi ne a matsa a auna daga fuskar, ko a ƙara mataki ɗaya zuwa biyu. Matsalar tana da tarihi a hoto mai kala. Tun daga shekarun 1950 labo-labo na daidaita injinansu ne da katin gwaji na Kodak mai hoton Baturiya, wanda ake kira Shirley, kuma sai tsakiyar shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu launin fata dabam-dabam. Tsofaffin masu situdiyo na Afirka ta Yamma sun shawo kan wannan da hannunsu, ta hanyar sarrafa haske da lokacin bugawa, shi ya sa ake karanta hotunan Seydou Keïta na Bamako kamar darasi.

Na uku shi ne zafi. An tsara wankin baƙi da fari ne a kan digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, alhali ruwan famfo a Abijan ya zarce haka nesa. Da ruwa mai ɗumi maganin yakan yi sauri, hoto ya yi kaifi fiye da kima, tsaki ya yi girma. Ko dai a sanyaya ruwan da ƙanƙara, ko a rage mintoci, ko a ƙara tsarma maganin. Amma wankin da bai kai minti biyar ba yakan fito da dabbare-dabbare. Dole kuma zafin dukan ruwayen ya zama kusa da juna, domin tsoma fim daga sanyi zuwa ɗumi farat ɗaya na iya sa jelatin ya yamutse. Mai kala kuwa, wanda ake wankewa da tsarin C-41 da aka fito da shi a 1972, yana buƙatar kusan digiri 38 ba ragi ba ƙari, shi ya sa akasari ake barin sa ga labo.

Na huɗu shi ne gano lahani, kuma nan ne taron jama'a ya fi amfani, domin kowane lahani yana da alamarsa. Ja ko ruwan lemo da ya kwararo daga gefen hoto yana nufin soson da ke toshe murfin tsohuwar kyamara ya ruɓe, haske na shiga. Miƙaƙƙen layi da ya ratsa nadi daga farko zuwa ƙarshe yashi ne ya shiga kyamara, abin da kan faru bayan an je bakin tekun Bassam, ko kuwa datti ne a injin labo. Hazo da gurɓacewar kala alamar fim ne da ya tsufa ko ya sha zafi a cikin mota. Sabbin injinan binciken kaya na filayen jirgin sama ma suna iya ɓata fim, don haka ake roƙon a duba shi da hannu. Idan nadi ya fito fayau babu hoto, sai a dubi gefensa: in rubutun kamfani da lambobi sun fito, wanki ya yi daidai, fim ne bai kama a kyamara ba ko kyamarar ba ta buɗe ba, in su ma babu, to laifin na wanki ne.

Sai bayan an gama da waɗannan ake shiga batun tsari da ma'ana: me aka sa a cikin hoto, me aka bari a waje, ina ido ke fara sauka, shin an danna a lokacin da ya dace. A tasha, inda komai ke motsi, sau da yawa bambancin hoto mai rai da na banza rabin daƙiƙa ne, kafin kwandasta ya ɗaga hannu ko bayan ya sauke.

Ladubban zama da haƙƙin wanda aka ɗauka

Zaman da ke ɗorewa yana da ladabi. Mai hoto ne ke fara faɗin abin da ya nufa, sannan a auna aikin da nufinsa. Ana raba lahani da zaɓi: tsaki mai yawa ko duhu mai nauyi na iya zama da gangan. Ana magana a kan hoto, ba a kan tsadar kyamara ba, tunda tsohuwar Pentax ko Yashica ta gwanjo tana iya fin sabuwa aiki a hannun wanda ya san haske. Ba a taɓa fuskar nagatif da yatsa, a gefe ake riƙe shi. Wanda ya kushe kuma ana sa rai ya faɗi yadda za a gyara.

Akwai kuma haƙƙin mutanen da ke cikin hoton. Tasha wurin neman abinci ce, kuma da yawa daga cikin masu aiki a cikinta baƙi ne da ba sa son a ɗauke su ba da saninsu ba. Hanyar da ta dace ita ce sallama da gaisuwa, sannan neman izini: «Alhaji, in babu damuwa zan ɗauki hoton rumfar nan», ko «Hajiya, a yarda in ɗauka?» In an ƙi, an ƙi. A tasha ana fara neman shugabannin 'yan kamasho, a masallaci a nemi liman ko na'ibinsa, yara kuwa sai da yardar iyaye. Wuraren jami'an tsaro ana kauce musu. Tsohuwar al'adar masu hoton yawo ta komawa a miƙa wa mutum hotonsa a takarda ita ce ke buɗe ƙofa a karo na gaba, kuma ra'ayin wanda aka ɗauka shi kansa wani ɓangare ne na sharhin aikin.

Adana nagatif

Babban abokin gabar fim a bakin teku shi ne laima. Jelatin abinci ne ga funfuna, kuma da zarar danshin iska ya wuce kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari takan fara tsiro, alhali a Abijan yakan haura 80, musamman a babbar damina daga Mayu zuwa Yuli. Tsofaffin fina-finan da aka yi da asitet kuma sukan fara warin binigar, su lanƙwashe, su tsattsage, kuma in abin ya fara ba ya komawa baya. Maganin kafe hoto da ba a ɗauraye shi sosai ba yakan bar tabo ruwan ƙasa bayan shekaru.

Tarihin Paul Kodjo ya nuna girman asarar da kuma yiwuwar ceto. A 2008 ya damƙa wa Ananias Léki Dago akwatin da ke ɗauke da dubban nagatif ɗinsa, da yawa laima ta riga ta ci su. Léki Dago ya shafe shekaru yana tsaftacewa da tantancewa, har hotunan Abijan na shekarun bunƙasar arziki suka sake fitowa a nune-nune kafin rasuwar Kodjo a 2021. A wurare da dama kuwa, magada sun zubar ko sun ƙone nagatif ɗin iyayensu saboda rashin sanin darajarsu.

Matakan kariya ba su da wuya. A ɗauraye fim sosai bayan an kafe shi, a shanya a inda babu ƙura, a sa shi cikin rigar takarda marar asid ko ledar da aka yi don haka. A ajiye a akwati mai rufuwa tare da ƙullin silika mai shan danshi, a riƙa busar da silikar lokaci-lokaci, a nisanta akwatin daga ƙasa da bango da rufin kwano. Fim ɗin da ba a ɗauka ba a sa shi a firji cikin leda, a bari sanyinsa ya tafi kafin a buɗe. Duk wanda ya fara wari a ware shi daga sauran. A bi muhimman hotuna da sikana a ajiye kwafi a wuri biyu. A jikin kowace riga kuma a rubuta wuri, kwanan wata, irin fim da sunayen waɗanda suka yarda a ambace su, domin mai bincike ko magaji ba zai iya amfani da nagatif ɗin da ba a san inda aka ɗauke shi da lokacin ba.